Dutsen da ke Cikin Akwatin Kaka

A shekarar 2003 aka rushe unguwarmu. Mosawa suna kiranta Zangouettin, wato mazaunin Hausawa, mu kuwa Zango kawai muke cewa, domin nan ne fatake suke sauke kaya a Wagadugu tun zamanin da ake bin hanyar Gwanja sayen goro. Gwamnati ta ce tsakiyar birni na bukatar benaye na kasuwanci da ofisoshi, ta sa wa shirin suna ZACA, ta shata fili mai hekta 85 da ya haɗiye Zango da Tiendpalogo da Peuloghin da Kamsonghin da wani ɓangare na Koulouba. Mutum kusan 12,500 aka ce su kwashe nasu-ya-nasu, wasu zuwa filayen da aka ware a gefen Ouaga 2000, wasu zuwa Nioko. A watan Mayu na shekarar kuma gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko, inda rumfar Baba take. Sai ya zamana babu kasuwa, gida kuma ana ƙirga masa kwanaki.

Cikin wannan hali muka shiga ɗakin Kaka don kwashe kaya. Shekararsa goma sha biyar da rasuwa a lokacin, amma akwatinsa na ƙarfe yana nan ƙarƙashin gado, ba wanda ya taɓa buɗe shi. Baba ya sa guduma ya fasa kwaɗon. Muka tarar da jar hular soja da asu ya ci gefenta, da carbi, da wani ɗan littafi mai bangon kwali, sai wani ƙunshi a cikin tsumma. Da aka kwance ƙunshin, dutse ne mai faɗin tafin hannu, fari-fari mai ratsin toka, jikinsa cike da waɗansu ƙananan ɓawo lanƙwasassu kamar faratan jariri. An naɗe shi da wata takarda da ta yi rawaya don tsufa, gefenta ɗaya a yage.

Baba ya warware takardar. A sama akwai shekara, 1971. A tsakiya manyan haruffa biyar, ABLIS, farkon kalmar ya tafi da yagewar. A ƙasa kuma ƙananan rubutu na Faransanci, wanda a cikinsa kowa ya gane kalmar kwalba da kalmar giya. Na ga fuskar Baba ta sauya. Takarda ce irin wadda ake mannawa a jikin kwalbar giya, ga ta a cikin akwatin mutumin da jama'ar unguwa suka shaida ba ya rasa sahun farko.

Goggo ta ce asiri ne irin na mazan jiya, wanda suke riƙewa don kada harsashi ya kama su. Kawu ya ce ƙila dutsen daga ƙasar Sakkwato yake, asalin gidanmu. Wata maƙwabciya da ta shigo taya mu ɗaure kaya ta ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, ai waɗanda suka je yaƙin Turawa ba a san abin da suka koyo a can ba. Baba ya ce a jefa duka a shara, a rufe maganar. Ina ajin ƙarshe a lise a lokacin, na roƙe shi ya bar mini. Ya dube ni ya ce, "In ka tono abin da zai kunyata mu, kai ka sani." Tambayoyi uku na fita da su daga ɗakin: me takardar take faɗa, daga ina dutsen ya zo, me kuma ya haɗa su wuri ɗaya. Lokaci kuma ba ya jira, domin tsofaffin da za su iya ba ni amsa kowa yana ɗaure kayansa, kafin damina ta wuce za a watse.

Haruffa biyun da suka yage

Na fara da wani tsohon kuku a Koulouba, Bamoshe ne Kirista, ya yi shekara talatin yana dafa wa Turawa abinci a gidaje da otal-otal, Hausa kuma a bakinsa kamar haifaffen Zango. Na gaishe shi, na miƙa masa takardar. Bai ko sa tabarau ba ya ce, "Ɗana, C da H ne suka yage. Chablis ke nan. Ba a faɗin harafin ƙarshe, Shabli ake cewa."

Ya ce farar giya ce ta inabi daga Faransa, ko da yake farin nata ba irin na nono ba ne, garau take kamar ruwa da ɗan ratsin rawaya da kore. Ba ta da zaƙi ko kaɗan, tsami ne da ita mai kaifi, kuma da sanyi ake kawo ta tebur, a cikin bokitin ƙanƙara. Na tambaye shi da wane abinci suke shan ta. Ya ce na farko dai kawa ta teku, wadda ake kawowa a jirgin sama daga Faransa gab da Kirsimeti, a buɗe ɓawon a shanye ta ɗanya. Sai kifi, musamman giwan ruwa in an gasa ko an dafa shi da man shanu. Sai jatan lande, da cukun nonon akuya, da dodon koɗi da ake gasawa da tafarnuwa. Jan nama kuwa da miya mai yaji, ba a haɗa su da ita.

Na ce, "Baba, me ya sa?"

Ya ce, "In ka sayi soyayyen kifi a bakin titi, me kake matsa masa?"

Na ce lemun tsami.

Ya ce, "To shi ke nan. Tsami yana kashe ƙarni, yana yanke maiƙo, ya wanke baki a sake jin daɗin loma ta gaba. Abin da lemun tsami yake yi maka, shi take yi musu."

Sannan ya ce ya san Kaka, kuma ko ƙofar gidan da ake dafa burkutu ba ya tsayawa. Ya ƙara da cewa irin wannan kwalba ta manyan otal ce, tsohon soja mai jiran ɗan fansho bai isa ya saye ta ba ko da yana so. Na ji sanyi a raina, amma shaidar baki ce, takardar kuwa tana hannuna. Da na nuna masa dutsen, ya juya shi ya ce ɓawon kawa ne babu shakka, sai dai bai taɓa ganin ƙanana haka ba. Daga nan na yanke hukuncina na farko: garin Chablis a bakin teku yake, shi ya sa suke haɗa giyarsu da kawa, dutsen kuma wani ne ya tsinto shi a gaɓa.

Garin da babu teku

Washegari na buɗe taswira a ɗakin karatu na makarantarmu, hukuncin nawa ya rushe. Chablis ƙaramin gari ne mai mutane 2,000 da 'yan kai a jihar Yonne, can arewacin yankin Burgundi, kimanin kilomita 180 kudu maso gabas da Paris, kusa da birnin Auxerre. Tsakaninsa da teku mafi kusa ya haura kilomita 300. Ruwan da ke ratsa shi ɗan kogi ne mai suna Serein.

Na ci gaba da karanta duk abin da na samu. Irin inabi guda ɗaya tak ake amfani da shi a can, Chardonnay. Sufayen Kirista na gidan ibadar Pontigny, wanda aka kafa a 1114, su ne suka raya nomansa a tuddan yankin, ana loda ganguna a jiragen ruwa su bi kogin Yonne zuwa Paris. Kasuwar ta karye bayan 1856, da jirgin ƙasa ya haɗa Paris da Marseille ya riƙa kwaso giya mai araha daga kudu, sannan a ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro mai cin saiwa, phylloxera, ya kashe gonakin. A shekarun 1950 abin da ya rage bai wuce hekta 500 ba, yau kuwa ya haura 5,000. Tun 1938 doka ta kare sunan, ba wanda ya isa ya rubuta Chablis a kwalbarsa a Faransa sai inabin ya fito daga iyakar da aka shata. An kuma kasa gonakin daraja huɗu, mafi girma su ne gonaki bakwai da ke jere a jikin tudu guda da ke kallon garin, irin su Les Clos da Vaudésir da Grenouilles.

Babban abokin gabar manoman can shi ne sanyi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da inabi ke fitar da toho, raɓa kan daskare da dare ta ƙone shi, sai su kwana a gona suna kunna wuta a tsakanin kunyoyi. A 1957 sanyi ya kusa share amfanin shekarar gaba ɗaya. Na riƙe wannan maganar ta sanyi a raina ba tare da na san za ta yi mini amfani ba. Abin da ya dame ni a ranar shi ne, in babu teku, me ya kai kawa cikin dutse?

Abin da lemun tsami ya nuna

Na kai dutsen wurin malaminmu na labarin ƙasa. Na ce, "Mushe, ko dutsen nan na ƙasarmu ne?" Ya aika aka sayo lemun tsami, ya matsa a gefen dutsen. Nan take wurin ya fara kumfa yana ɗan tsuwa. Ya ce dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti, kuma ba na Wagadugu ba ne, domin birnin yana zaune ne a kan ƙaƙƙarfan dutse irin wanda mata ke fasawa a Pissy, da marmara a samansa. Ya rubuta mini 'yar takarda zuwa ga wani abokinsa mai koyar da ilimin duwatsu a Jami'ar Wagadugu, wadda yanzu ake kira Jami'ar Joseph Ki-Zerbo.

Na gaya wa malamin jami'ar zancen Kawu, cewa ƙila daga Sakkwato ne. Ya ce Kawu bai yi wauta ba. Akwai zamanin da teku ya ratsa Sahara, ya kwanta a kan ƙasar Sakkwato da Tawa, kuma farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina da Malbaza don yin siminti cike take da burbushin halittun ruwa. Amma da ya sa gilashin ƙara girma a kan dutsen sai ya girgiza kai. Ya ce wannan 'yar kawa mai lanƙwasa kamar waƙafi sananniya ce, sunanta Exogyra virgula, kuma ta girmi tekun Sakkwato nesa ba kusa ba. Ta rayu kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce, a wani teku mai ɗumi marar zurfi da ya rufe arewacin Faransa da kudancin Ingila. Kawar ta yi ta mutuwa tana taruwa a cikin laka, lakar ta daskare ta zama dutse, tekun ya janye, dutsen ya zama tuddai. Masana suna kiran wannan shimfiɗa da sunan wani ƙauye a Ingila, Kimmeridge, kuma a kanta mafi darajar gonakin Chablis suke. Manomi a can in ya kafta ƙasa, irin wannan dutsen yake tonowa.

Na tambaye shi ko shi ya sa giyar ta dace da kawa. Ya ce masu sayarwa suna son wannan labarin, kawar da a ƙarƙashin gona, kawar yau a faranti, amma saiwa ba ta tsotso ɗanɗanon ɓawo ta kai cikin 'ya'yan itace. Aikin ƙasar shi ne ta tsane ruwa in ya yi yawa, ta riƙe danshi in ya yi ƙaranci, sanyin yankin kuma ya hana inabin rasa tsaminsa. Ya ce, "Ai ku ma kun san haka. Kai irin albasar Galmi wata ƙasa ka shuka, za ta yi, amma mai saye zai gane. Haka tattasan Diffa." Ya kuma gargaɗe ni cewa ana samun wannan kawa a wasu wurare na Faransa, kamar Sancerre, don haka dutsen shi kaɗai bai isa hujja ba. Amma dutse mai irin wannan kawa, naɗe da takarda mai sunan Chablis, da wuya a ce haɗuwar banza ce.

Na dawo gida da amsa biyu da sabuwar matsala. Dutse da takarda wuri ɗaya suke nunawa. Sai dai takardar ta 1971 ce, kuma duk gidan sun haɗu a kan cewa tun da Kaka ya dawo daga soja a ƙarshen yaƙi bai sake ƙetare ko Bobo ba.

Littafin soja

Sai a lokacin na tuna da ɗan littafin nan mai bangon kwali, wanda hankalinmu bai kai kansa ba saboda takardar giya ta ɗauke mana ido. Littafin soja ne. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne an rubuta Kaka a matsayin mutumin Kodebuwa, har na tuna darasin tarihi: Faransa ta soke ƙasarmu Haute-Volta a 1932 ta rarraba ta, Wagadugu ta faɗa cikin Kodebuwa, sai a 1947 aka maido da ita. An ɗauke shi soja a 1939. A shafi na gaba an rubuta cewa an kama shi fursuna a watan Yuni na 1940. Ƙarƙashin wannan akwai wata kalma da ba ta Faransanci ba, da lamba: Frontstalag 124.

Na tafi gidan mazan jiya, inda 'yan tsofaffin da suka rage suke zama ƙarƙashin bishiya. Wani da ya haura tamanin ya karɓi littafin da hannu biyu kamar yana gaisawa da mai shi. Ya ce da Jamusawa suka ci Faransa a 1940, sun kwashe fursunoni farar fata zuwa Jamus, amma saboda aƙidarsu ta wariyar launi ba su yarda baƙaƙe da Larabawa su zauna a ƙasarsu ba, sai suka tsare su a sansanoni cikin Faransa. Sunan sansanonin ke nan. Daga baya na karanta cewa a 1941 mutum kusan 70,000 ne daga ƙasashen mulkin mallaka ke tsare a cikinsu, har da Léopold Sédar Senghor, wanda aka tsare a Poitiers. Sansani mai lamba 124 kuwa ya zauna a Joigny, cikin jihar Yonne, ƙasa da kilomita 50 daga Chablis.

Tsohon ya ce ba a barin su zaune. Ana kasa su ƙungiya-ƙungiya a tura su saran itace, ko masana'anta, ko gonakin da mazajensu suke tsare a Jamus. Garin Chablis kansa jiragen Jamus sun yi masa ruwan bama-bamai a watan Yuni na 1940, tsakiyarsa ta ƙone. Aikin gonar inabi a lokacin sanyi kuwa shi ne sassabe rassa, da tsince duwatsu, da ɗauko ƙasar da ruwa ya zaizayo a mayar da ita saman tudu a kwando. Yanzu na ga hanyar da hannun Kaka zai kai ga wannan dutse.

Amma tsohon ya jefo mini wata tambaya. Ya ce, "Jikan soja, ka san yadda suka dawo? Waɗanda aka fara kwasowa daga irin waɗannan sansanoni, su ne aka buɗe wa wuta a Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944, don sun nemi kuɗinsu. Mutane sun dawo ba takalmin kirki. Wanda ya ɗauko dutse tun daga can ya ƙetaro teku da shi, ba don ado ya ɗauko ba."

Hannun Liman

Saura mako biyu katafila ta iso layinmu, Baba ya ce in kai wa Liman dutsen ya duba ko akwai abin tsoro a cikinsa, tunda Goggo ta ƙi sakin zancen asiri. Liman ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun tafi. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da muka samu a akwatin Kaka." Na sa masa a hannu.

Ya shafa gefen da ɓawo suke, mai kaushi. Sannan ya juya shi. Ni da malamai biyu duk mun dubi dutsen nan da ido, ba wanda ya kula da cewa ɗaya gefen ya yi sumul kamar bakin turmi, har ɓawon da ke wurin sun side sun yi daidai da jikin dutsen. Yatsun Liman suka tsaya a wurin. Ya ajiye dutsen a kan buzu, ya buɗe tafukansa biyu ya ɗora a kai, ya ɗaga ya shafi fuskarsa.

Ya ce, "Wannan ai dutsen taimama ne. Hannu ne ya cinye shi haka, kuma ba hannun shekara ɗaya ba."

Ya yi mini bayani cewa a mazhabar Malikiyya ana taimama da duk abin da yake fuskar ƙasa ne mai tsarki, turɓaya ko yashi ko dutse, muddin ba a ƙona shi an sauya shi ba. An kuma yarda da ita ga wanda ya rasa ruwa, da wanda yake tsoron ruwan zai jawo masa ciwo saboda tsananin sanyi. Nan take zancen raɓar da ke daskarewa ya faɗo mini. Fursuna a ɗakin katako, an kulle ƙofa tun magariba, asuba ta yi, ruwan da ke waje ya zama ƙanƙara. Ina zai sami alwala?

Liman ya miƙo mini dutsen ya ce, "Je ka gaya wa ubanka, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle bai zama ba."

Ranar wankin kwalabe

Saura takardar 1971. Wannan kuwa Iya ce ta warware ta, amaryar Kaka, wadda ke zaune wurin 'yarta a Bobo, ta zo yi wa gidan sallama kwana uku kafin a rushe shi. Da ta ga dutsen a hannuna sai ta kama kuka, ta ce da shi ya yi sallolinsa na ƙarshe lokacin da jinya ta hana shi taɓa ruwa, ita ce ma ta mayar da shi akwati bayan an yi bakwai.

Na ce, "Iya, takardar fa?"

Ta ce ai sana'arta ce ta kawo ta. Gyaɗa take soyawa ta ɗura a kwalabe, kamar yadda matan Wagadugu suke yi har gobe, kwalaben kuma wurin boyi-boyin otal take saye. Tun farko ta tambayi malamai, suka ce kwalba ba ta shan abin da aka zuba mata, in an wanke ta tsarkaka, ba kamar tulun ƙasa ba wanda giya ke ratsa jikinsa. Takan jiƙa su a baho su kwana, takardun su saki su taso saman ruwa. Wata safiya Kaka yana zaune kusa yana lazimi, sai ta ga ya miƙa hannu cikin bahon ya tsamo takarda ɗaya, gefenta ya yage a hannunsa. Bai iya karatun boko ba. Amma waɗannan haruffa ya san su kamar fuskar mutum, domin su ne a jikin allon da ke bakin garin, wanda yake wucewa safe da yamma ana kora su gona. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Nan ne."

Ta ce a iya zamansu, ranar ce kaɗai ya yi mata zancen can. Ya faɗa mata sanyin da ke tsaga fatar hannu. Ya faɗa mata yadda masu gona suke miƙo musu kofin giya don su ji ɗumi, shi kuma ya ba wani nasa a musaya da gutsuren burodi. Ya faɗa mata wata tsohuwa Baturiya da ta lura ba ya cin naman alade, ta riƙa ɓoyo masa dafaffen ƙwai a aljihun riga. Ya ce a cikin kunyar inabi ya tsinci dutsen, ya zaɓe shi don faɗinsa ya yi daidai da tafi. Ya shanya takardar a rana, da ta bushe ya naɗe dutsen da ita, don in ya mutu a san sunan garin da ya yi wa Allah salla a cikinsa yana fursuna.

Baba yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Bai ce komai ba, ya karɓi dutsen ya sa a aljihun babbar rigarsa, a nan ya kwana uku har muka bar gidan.

Ni ban taɓa ɗanɗana giya ba, haramun ce, kuma abin da na faɗa na ɗanɗanonta daga bakin tsohon kuku na ji shi. Amma binciken nan ya koya mini cewa ƙasa guda ce Allah ya shimfiɗa, wani ya shuka inabi a kanta ya matse ya sha, wani ya ɗauki dutsenta ya tsarkaka ya fuskanci alƙibla. A watan Afrilu na 2021, da aka nuna hotunan manoman Chablis sun kunna dubban kyandirori a gonaki suna yaƙi da sanyi, na zauna gaban talabijin ina duban tuddan, ina tunanin a wace kunya Kaka ya sunkuya.

Inda gidanmu yake a Zango yanzu ba a gane shi. Liman da kuku da tsohon sojan da Iya duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma da na bari an jefa ƙunshin nan a shara, da mun rayu muna zargin bawan Allah a ɓoye har mu tarar da shi. Don haka ina roƙon duk wanda ke da tsoho a gida, ko akwatin tsoho da ba a buɗe ba, ya tambaya tun masu amsa suna numfashi, kada kuma ya yanke wa mamaci hukunci da rabin takarda. Dutsen yana wurina a Nioko, da shi Baba ya yi taimama a jinyarsa ta ƙarshe. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya gafarta mana zaton da muka yi.